Tara Cikin Arba'in da Shida

A Sabon Gari, bayan layin masu gyaran rediyo,
akwai rumfar da ruwan sama ya san ƙofarta.
Baba Jatau na ciki, tabarau ɗaure da zare,
littattafan gwanjo jibge kamar buhunan masara.

Na je masa aljihu wayam.
Daren jiya a Samaru, ɗakin Tanimu,
kuɗin hayata na wata biyu
ya bi hannun da ya fi nawa sanyi.
Na ce, Baba, ba ni littafin da ke koya cin karta,
foka nake nufi, wasan masu ɗaure fuska.

Ya dube ni ta saman gilashi.
Ya ce, babu shi.
Wanda ya ce maka akwai, kai yake shirin ci.
Amma ja benci.

Ya zaro wani siriri, bangonsa ya daɗe da tafiya.
Fara da wannan, baƙi da wasali ne:
wane hannu ke danne wane,
me ya sa uku iri ɗaya suka fi biyu-biyu,
me ya sa mai magana a ƙarshe
ya fi mai fara buɗe baki gani.
Kada ka yi tsalle. Mai tsallake shafi
shi ke sayar da kekensa ranar Laraba.

Na biyun ya sa ni dariya.
Lissafin firamare ne, na kaso da rabo,
wata Asabe Dogo ta rubuta sunanta a ciki, aji biyar,
har da ɗigon manja a shafi na talatin.
Na ce, Baba, ni fa ɗan jami'a ne.

Ya ce, to ɗan jami'a, amsa mini.
Kubi huɗu ka gani, kana jiran na biyar,
kati ɗaya ya rage a juya.
Nawa ne naka a cikin duhu?

Na yi shiru. Wani mai rake ya wuce.

Tara, in ji shi. Tara cikin arba'in da shida.
Sau ɗaya cikin biyar, shi ma da ƙyar.
In an ce zuba goma ka kwashi sittin, lissafi bai hana ka ba.
In goma ce don ashirin, kife katinka ka sha ruwa.
Jiya nawa ka zuba?

Ban faɗa ba. Bai sake tambaya ba.

Na ukun mai kauri ne, yana warin ɗaki rufaffe.
Wannan na mutane ne, ya ce,
yadda maƙogwaro ke motsi in hannu ya yi kyau,
yadda fushi ke zuba kuɗin da hankali bai ƙirga ba.
Na juya bayansa, gara ta cinye babin ƙarshe.
Na ce, a rage mini kuɗi.
Ya ce, babin tashi daga tebur ne.
Ko da yana nan, ba mai karanta shi.

Sai mai shayin gefe ya raɗa mini
wai tsohon nan ya taɓa mallakar tifa biyu
da gida mai bene a Tudun Wada.
Na waiwaya. Yana kakkaɓe ƙura daga wani ƙamus,
a hankali, kamar mai shafa kan jariri.

Bashi ya ba ni su ukun.
Ya ɗora kwalin ashana a sama:
da wannan za ka yi wasa, tsinke-tsinke,
har sai lissafin ya zauna maka a ka.
In ya zauna, ka zo ka gaya mini
ko har yanzu kana son teburin Tanimu.

Ba ni da kuɗin mota.
Na taka ta Kwangila, littattafai a hammata,
ashana na kaɗawa a aljihu,
ina raba arba'in da shida gida tara,
kullum sai ɗaya ya yi saura.